Tambaya da Amsa: Tsohuwar Rediyo Mai Bawul, Ta Ina Ake Fara Gyara?

Malam, na gaji wata rediyo ƙirar Grundig daga mahaifina, mai akwatin katako da koren ido a goshi. Ta fi shekara talatin a ajiye. Da na jona ta sai ta kama gurnani, magana na fitowa can ƙasa-ƙasa, ba a jima ba na ji ƙauri. An ce mini bawul-bawul ɗin ne suka mutu. In nemi sababbi?

Allah ya jiƙan mahaifi. Ɗan'uwa, kafin komai zare ta daga soket, kada ka sake jona ta har sai an yi mata aikin da zan faɗa.

Wanda ya ɗora laifin a kan bawul bai yi masa adalci ba. Bawul kwalba ce da aka zuƙe wa iska aka liƙe, zaman ajiya ba ya cin ta. Rediyon da har ta yi magana, ko da ƙasa-ƙasa ne, ta nuna maka cewa yawancin kwalabenta na da rai. Abin da shekaru ke ci shi ne kafasita, wato 'yan kayan da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, kuma iri biyu ne ke ba da wahala.

Na farko su ne manyan da ke tace wuta. A irin taka yawanci gwangwanin alminiyom ne tsaye a kan shasi, wato farantin ƙarfen da aka ɗora kayan rediyon a kai, biyu a cikin gwangwani ɗaya, an rubuta 50+50 a jikinsa, wato kowacce maikurofarad 50, ma'aunin yawan wutar da kafasita ke riƙewa ke nan. Akwai danshin sinadari a ciki, idan ya bushe sai tacewa ta gagara. Gurnanin da ka ji ke nan. Alamarsa ita ce ko ka rage murya gaba ɗaya yana nan, bai ƙaru ba bai ragu ba.

Na biyu su ne ƙananan na takarda. Takarda ce aka naɗe tare da siririn fallen ƙarfe, aka tsoma a kaki ko kwalta. Idan ka kifa shasin za ka gan su, wasu launin ƙasa masu danƙo da ƙura ta manne musu, wasu baƙaƙe da suka tsattsage, har kakin ya ɗiga ya daskare a kan wayoyin da ke kusa. Takardar tana shan danshi a hankali, sai wutar da aka sa kafasitar ta tare ta fara zurarewa ta ciki.

A cikinsu akwai guda ɗaya da nake so ka sani ko da ka manta sauran. Rediyoyin Jamus na shekarun 1950 galibi suna da bawul EABC80 da ke ɗaga murya, sai EL84 da ke tura ta zuwa lasifika. Tsakaninsu akwai 'yar kafasita da aikinta shi ne ta bar murya ta wuce, ta tare wutar da ke bayanta. Idan ta fara yoyo, wutar nan sai ta hau ƙafar da ke sarrafa EL84, shi kuma ya buɗe baki ya yi ta jan wuta fiye da kima. An yi shi ne ya ja kimanin miliyamfa 48 a kan bolt 250. Da ya wuce nan sai ya yi zafi, wani lokaci ƙarfen cikinsa har ja yake yi, kuma duk wutar da yake ja ta cikin taransifomar lasifika take bi. Ina kyautata zaton ƙaurin da ka ji daga nan ne. Kafasitar ana samun ta ko'ina, taransifomar kuwa an daina yin irinta tun tuni, sai dai a ciro daga wata matacciyar rediyo ko a sake naɗa ta. Shi ya sa ni wannan kafasitar ba na ma gwada ta, cire ta nake yi kai tsaye.

Kada mitar hannu ta ruɗe ka. Da 'yan bolt kaɗan take gwaji, yoyon kuma ba ya bayyana sosai sai wuta ta kai ɗaruruwa. Sau da yawa ma ruɓaɓɓiyar kafasita takan nuna lamba sama da wadda aka rubuta a jikinta, mai koyo ya ɗauka ƙarfi ne ya yi mata yawa.

Wajen canji, bi su ɗaya bayan ɗaya. Ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa komai, ka cire guda, ka sa sabuwa, ka dalmace, sannan ka matsa gaba. Mai yanke goma a lokaci guda shi ne ke kwana yana neman inda waya ta fito. Kuma kafin hannunka ya shiga ciki, sauke wutar da manyan kafasitocin suka riƙe, domin sukan ajiye bolt 250 ko fiye bayan an kashe rediyo. Ana saukewa ta cikin rasista, wato abin da ke rage gudun wuta, mai kamar om 22,000, a tabbatar da mita cewa ta sauka. Masu gama ƙafafun da sukudireba don su ga tartsatsi, ban san abin da ke burge su ba.

Ranar kunnawa, bi da wutar ta cikin kwan fitila mai zare, wat 60 zuwa 100, a jere da rediyon, yadda duk abin da za ta ja sai ya ratsa ta kwan. Idan lafiya, zai yi haske farat ɗaya sannan ya dushe ya koma ja-ja. Idan ya tsaya da haske tar, akwai inda wuta ta haɗe, kashe ka bincika. Kwan zamani na LED ba ya wannan aikin.

Ni ɗalibi ne, na fara koyon gyara. Tsohuwar kafasita an rubuta mata 0.05, amma 0.047 kawai nake samu. Sannan idan na sa manyan da suka ninka na asali, gurnani ba zai ƙare gaba ɗaya ba?

Sa 0.047 hankalinka kwance. Masana'antu ne suka sauya jerin lambobin da suke bugawa, shi ya sa 0.05 ta koma 0.047, 0.02 ta koma 0.022, 50 ta koma 47. Tsofaffin ma ba su taɓa zama daidai da abin da aka rubuta musu ba, sukan kauce da kashi 20 cikin 100. Lambar da ba a wasa da ita ita ce ta bolt: sabuwa ta kai ta tsohuwa ko ta fi. Na roba masu bolt 630 sun wadatar a kusan duk inda ta takarda ta zauna. Banda wurare uku. Wadda ke tsakanin wayoyin wutar gida biyu sai mai alamar X2, wadda ke tsakanin wutar gida da shasi kuma Y2, domin an ƙera su ne yadda in sun lalace ba za su tada gobara ko su jefa mutum cikin haɗari ba. Wadda kuma ke kan taransifomar lasifika tana shan bugun wuta, gara mai bolt 1000.

Baƙin zoben da ke gefe ɗaya na ta takarda ba alamar tabbatacciya da korarriya (+ da −) ba ce, yana nuna ƙafar da ke haɗe da fallen waje ne kawai. Masu sinadari su ne ke da gaba da baya, in ka juya su za su kumbura su fashe. Wani abin da ke rikita masu koyo: a tsofaffin rediyoyin Turai za ka ga an rubuta "cm" a jikin kafasita. Ba tsawo ake nufi ba, tsohon ma'auni ne, 1 cm kusan fikofarad 1.1.

Ninkawa kuwa, a'a. Kafasitar farko bayan bawul mai miƙe wuta, wato mai mayar da wutar gida daga AC zuwa DC, tana da iyaka. EZ80, misali, maikurofarad 50 aka yanka masa. Ka ɗora masa 220, duk kunnawa sai ya sha wuya wajen cika ta, ba zai yi ƙarko ba.

Ka kuma bar na maika da na tangaran da ke kusa da naɗaɗɗun wayoyin kama tasha. Ba safai suke lalacewa ba, kuma da su aka saita rediyon a masana'anta. Haka 'yan sukurorin da ke kan gwangwanaye masu kusurwa huɗu da za ka gani a kan shasi: ba kwancewa suka yi ba, saiti ne. Mai ɗaure su ya kashe tasha.

Malam, ina da 'yar ƙaramar rediyon Amurka mai bawul biyar. Duk lokacin da na taɓa sukurun bayanta sai wuta ta ja ni. Ita ma kafasita ce?

Hajiya, wannan ya fi ƙarfin kafasita kaɗai. Irin waɗannan, da aka yi miliyoyinsu daga ƙarshen shekarun 1930 har zuwa na 1960, ba su da taransifomar wuta sam. An jera zaren bawul ɗin biyar ne, misali 12BE6, 12BA6, 12AV6, 50C5 da 35W4, yadda in ka tara bolt ɗinsu za ka samu 121, kusan daidai da wutar gidan Amurka. Don rage tsada aka yi haka, sakamakon kuma shi ne ƙafa ɗaya ta wutar gida tana iya kaiwa ga shasi, kai tsaye ko ta cikin wata kafasitar takarda da ta tsufa. Ki daina amfani da ita yanzu. A sa mata Y2 a wannan gurbin, a tabbatar duk maɓallanta na roba suna nan da murfin baya, kada wani ƙarfe ya leƙo. Mai gyaran ma kada ya taɓa cikinta sai ta bayan taransifoma mai raba ta da wutar gida. Inda wuta take 220 zuwa 240, a lura cewa yawancin ƙananan taransifomomin rage wuta ragewa kawai suke yi, ba sa rabawa.

Idan na cire kayanta na asali, ban rage mata daraja ba?

Masu tara kayan tarihi sun rabu a kan wannan. Wadda za a ajiye a gidan tarihi ba za a kunna ba, a bar ta yadda take. Wadda za a saurara kuwa dole a canza. Mai son ido ya ga tsohon fasali yana iya ɗumama ta takardar har kakin ya saki, ya zaro cikin, ya cusa sabuwa a cikin tsohon kwalin, ya toshe bakin da kaki. Gwangwanin ma ana barin sa tsaye a kan shasi don kyan gani, a yanke wayoyinsa gaba ɗaya, a ɓoye sababbin a ƙasa. Kada dai a haɗa sabuwa a kan tsohuwa tana nan jone, yoyonta bai tafi ko'ina ba. Waɗanda ka cire ka zuba su a 'yar leda, ka rubuta gurbin kowacce da ranar da aka yi aikin, ka ajiye a cikin akwatin nesa da bawul masu zafi.