Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ake Yi wa Tsibiran Teku Hurumi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ji a rediyo cewa wasu ƙasashe suna keɓe tsibiran bakin teku domin tsuntsaye da masu yawon buɗe ido. Shin wannan ba toshe wa masunta hanyar abinci ba ne? Daga mai karatu a Runjin Sambo, Sakkwato.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Damuwarka tana kan hanya, domin akwai wuraren da aka kori talaka da sunan kare dabbobi, kuma ban goyi bayan haka ba. Sai dai keɓe wuri ba baƙon abu ba ne a wurinmu, shi ne hurumi, kuma Manzon Allah (SAW) ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina domin amfanin al'umma.

Dubi Banc d'Arguin, wani yanki na tsibirai da ruwa mara zurfi da ke gaɓar Muritaniya, wanda aka mayar gandun ƙasa, wato hurumin gwamnati, a 1976. Tsuntsaye masu ƙaura daga Turai da Saberiya suna sauka a tsibiransa lokacin hunturu, amma ba a tashi masuntan ƙabilar Imragen da ke zaune a can ba. An bar su da jiragensu masu tafiya da iska, aka hana masu inji shiga, saboda a wannan ruwa mara zurfi ne ƙananan kifaye suke girma kafin su bazu cikin teku.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne tsibirin Poilão na Gini Bisau, inda macen kunkurun teku take fitowa da dare ta haƙa rami da ƙafafunta na baya, ta zuba ƙwai kimanin 100, ta rufe da yashi, ta koma ruwa. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan sukan fito su nufi inda haske ya fi yawa, wato saman ruwa, don haka fitilar masauki guda a bakin gaɓa tana iya karkatar da su zuwa tudu su halaka. Shi ya sa a irin waɗannan wurare ake ƙayyade yawan baƙi da lokacin zuwansu, kuma a ganina mutanen wurin ne suka fi cancanta su zama 'yan rakiya, kuɗin shiga ya amfane su.

Mu a nan ba mu da teku, amma muna da fadamar Rima da Tafkin Kware, kuma duk wanda ya je da sanyin safiya a hunturu zai ga tsuntsayen ruwa suna kiwo a gefen gonakin albasa.