Tambayi Likita: Sikila, Jinkirin Haihuwa da Sauran Damuwar Gidan Aure

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan aure suke, kuma a yawancinsu an riga an sami wanda aka ɗora wa laifi tun kafin a je asibiti.

Likita, ni AS ne, wadda zan aura ma AS ce, kuma magana ta yi nisa. Abokina ya ce ɗa ɗaya cikin huɗu ne ke fitowa da sikila, in muka tsaya a uku mun tsira. Haka ne?

Abokinka ya ji magana, amma bai ji ta daidai ba. AA, AS da SS nau'in jini ne da ake gada daga iyaye: mai SS shi ne mai sikila, mai AS yana ɗauke da ita ba tare da ciwon ba, mai AA kuwa ba ya ɗauke da ita. Lissafin a kan kowane ciki yake: kashi 25 cikin 100 ɗan ya zo da SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Ciki ba ya tuna abin da ya sami wanda ya gabace shi. Na ga ma'aurata AS da 'ya'ya biyar babu mai sikila, na kuma ga waɗanda biyun farko duk SS ne.

Jan ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120. Ta mai sikila takan lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Daga nan ne azabar ciwon ƙashi da ƙarancin jini suke fitowa. Yau akwai magunguna irin su hydroxyurea da ke rage yawan tashin ciwon, kuma masu sikila da yawa suna girma har su yi aure. Duk da haka kwanan asibiti da rashin barci suna cin aure ƙwarai. Ku sake gwajin nau'in jinin a wani wuri dabam, domin ana samun kuskure. In ya tabbata, ba ni zan yanke muku hukunci ba, amma da ƙanena ne kai da na ce ka haƙura. Kafin ku yanke shawara ku je ku zauna da iyayen da ke rainon mai sikila, ku ji daga bakinsu.

Shekara uku da aurena ban taɓa ko ɓari ba. Na sha magunguna iri-iri. Dangin mijina sun sa ni a gaba, shi kuma ya ƙi zuwa asibiti, ya ce lafiyarsa ƙalau.

'Yar uwa, sannu da haƙuri. A likitance ana cewa akwai jinkirin haihuwa idan an shekara ana kwanciyar aure ba tare da tsarin iyali ba kuma ciki bai samu ba. In mace ta haura shekara 35, wata shida ya isa a fara bincike. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantar wannan a wani lokaci na rayuwarsa, don haka ba ke kaɗai ba ce.

Abin da dangin maigidanki ba su sani ba shi ne, a kusan rabin irin waɗannan ma'aurata akwai hannun namiji a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matar. Maza da yawa suna ɗauka cewa tunda suna iya kwanciya to suna iya ba da ciki. Abu biyu ne dabam. Namiji zai iya zama da cikakken kuzari, maniyyinsa kuma babu isassun ƙwayoyin haihuwa, ko akwai su amma ba sa motsi. Kumburin jijiyoyin maraina, hangum da ya sauka a maraina bayan balaga, ciwon sanyi da ba a yi maganinsa sosai ba, taba da ƙiba duk suna jawo haka. Ko da ya taɓa haihuwa a baya, wannan bai wanke shi a yau ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne gwajin namiji ya fi kowanne sauƙi. Zai ƙaurace wa kwanciya kwana 2 zuwa 7, ya ba da maniyyi a duba, shi ke nan. Na mace kuwa sai an ɗebi jini, an yi hoton ciki, wani lokaci an tura ruwa ta mahaifa a ga ko bututu a buɗe yake, da zafinsa. To me zai sa a fara da mai wuya? Kada ki tunkari maigidanki a gaban mutane ko ana cikin faɗa, domin tsoron sakamakon ne yake hana yawancinsu, ba taurin kai ba. Ki ce likita ya nemi ganinku tare, gaskiya ne kuwa, haka muke so. Magungunan nan da ba likita ya rubuta ba ki dakatar da su, wasu suna rikita al'ada.

'Ya'yana huɗu duk mata. Maigida ya ce daga gare ni ne.

Ba daga gare ki ba ne. Ƙwayoyin gado biyu, X da Y, su ke tantance jinsin ɗa. Ƙwan mace kullum X yake ɗauka. Ƙwayar namiji ce ke zuwa da X ko Y, in X ce a sami mace, in Y ce a sami namiji. Shi ma ba zaɓa yake yi ba, don haka kada ki mayar masa da gorin.

Matata ta haihu wata biyu da suka wuce. Kullum kuka, ba ta barci, ba ta son ɗaukar jaririn. Mahaifiyata ta ce sangarta ce.

Malam, na yaba maka da ka tambaya. Mata da yawa sukan yi 'yar ƙunci da saurin kuka a kwanakin farko bayan haihuwa, ya wuce da kansa cikin mako biyu. Wanda ya kai wata biyu ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, yana kama fiye da mace 1 cikin 10, kuma yana jin magani. Sauyin sinadaran jiki, rashin barci da rashin mataimaki ne suke haɗuwa. Ka kai ta asibiti cikin makon nan, a duba har da ƙarancin jini da maƙoƙo. Ka karɓi jaririn wasu sa'o'i da dare ta samu ta runtsa. Mama kuma ka yi mata bayani cikin ladabi, ko ka tafi da ita ta ji daga bakin likita. In matarka ta fara maganar cutar da kanta ko jaririn, ko tana jin muryoyi, kada a bar ta ita kaɗai, a tafi asibiti a ranar.

Zan auri 'yar kawuna. Akwai haɗari?

Akwai, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. A auren bare kusan jarirai 2 zuwa 3 cikin 100 ke zuwa da wata nakasa, a tsakanin 'ya'yan wa da ƙane kuwa adadin yakan kusa ninkawa. Haɗarin yana ƙaruwa in an daɗe ana auren dangi a gidan. Ku yi gwajin sikila, ku kuma tambayi manya ko akwai kurumta, makanta ko mutuwar jarirai da ke maimaituwa a zuriyar, ku kai wa likita amsar kafin a ɗaura.