Tambaya da Amsa: Wa zai kauce wa wani a kan ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Kusuri, bana yayana ya sai min inji na ɗaura wa kwale-kwalenmu ina ɗan dakon kaya a kogin Logon. Ran nan da dare saura ƙiris na hau kan wani dattijo yana jan taru ko fitila babu, yana ta ihu ni ban ji ba saboda ƙarar inji, da na tsaya ya ce laifina ne ni kuma na ce nasa ne. Dan Allah akwai doka a ruwa kamar ta titi, ko kowa tasa ta fisshe shi ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara tsarewa. Doka kam akwai ta. Tun 1972 aka amince da dokokin hana karon jiragen ruwa na duniya, suka fara aiki a 1977, asali na teku ne amma dokokin koguna da tafkuna kusan duk tafiyarsu ɗaya da su. Kuma gaskiya dattijon nan ya fi ka gaskiya, duk da shi ma da nasa. Mai inji shi ke kauce wa mai filafili, balle wanda tarunsa ke cikin ruwa, kai juya hannu kawai za ka yi ka bar wurin, shi fa ina zai kai taru cikin daƙiƙa biyar? Nasa laifin shi ne zama cikin duhu, doka ta ce ko ƙaramin jirgin tuƙi da hannu sai ya riƙe tocila ko fitila mai farin haske ya nuna da wuri.

Toh ga abin da nake so ka riƙe, in ma ka manta sauran. Hannun dama. In kun yi gaba da gaba da wani jirgin kowa ya karkata damansa, ku wuce hagu da hagu, kamar dai yadda motoci ke yi a titunan Kamaru da Chadi. In wani zai gitta ta gabanka daga damanka kai za ka rage wuta ka bi ta bayansa, kar ka ce bari in yi sauri in riga shi, nan ake halaka. In kai ka biyo wani a baya za ka wuce shi, nauyin kaucewa duk a kanka yake har sai ka yi masa nisa. Sannan a wuri mai ƙunci wanda ke hawa ruwa shi ke haƙuri ya ba mai gangarowa hanya, don mai gangarowa ruwa ke tura shi ba ya iya tsayawa yadda yake so, ka san dai yadda mahaɗar Logon da Shari take daga Satumba zuwa Nuwamba in ruwa ya cika.

Fitila kuma, ja a hagu, kore a dama, fara a sama wadda ake gani ta ko'ina, wannan ya wadatar wa mai inji da bai kai mita 12 ba. Amfaninsu shi ne daga nesa ka san inda mutum ya dosa. Ka ga ja yana gitta gabanka, kai ne mai kaucewa. Ka ga ja da kore tare, to kanka ya nufo kai tsaye, karkata dama. Yanzu ƙananan fitilu masu caji da rana sun cika kasuwa. Abin da ke ɓata min rai shi ne masu dalle wa juna tocila a fuska, ka kashe wa mutum ido alhali ido sai ya ɗau wajen minti 20 kafin ya sake sabawa da duhu. Haska jikin jirginka ko saman ruwa a gabanka.

Ihu ba ya aiki kusa da inji, ka gani da kanka. Sayi usur ka rataya a wuya. Busa ɗaya gajere, zan yi dama. Biyu, zan yi hagu. Uku, ina ja da baya. Biyar a jere da sauri, ban gane nufinka ba, hattara. Ka je ka gaida dattijon, ka kai masa tocila, ku kuma kai maganar wurin sarkin ruwa don a koya wa kowa a kwata, in kai kaɗai ka san busar ba ta da amfani.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina sarin kifi a tafkin Lagdo, in inji ya mutu mana a tsakiyar ruwa ya za mu yi a gane muna neman taimako?

Amsa: Hajiya barka kadai. Ɗaga hannu ɗaya ana kaɗawa gaisuwa mutane ke ɗauka. Alamar da aka sani ita ce mutum ya buɗe hannuwa biyu gefe da gefe yana ɗagawa yana saukewa a hankali, mutum ɗaya ya isa, sauran su zauna daram kar a taru gefe guda jirgi ya kife. Da dare a kunna tocila gajere uku, dogo uku, gajere uku, ko a yi ta busa usur ba tsayawa. Lagdo ba kogi ba ne, tun da aka gama dam ɗin a 1982 ruwa ne mai faɗi, iska in ta taso raƙuman ruwa ba wasa, ga dorina, don haka in jirgi ya kife yana yawo a sama a riƙe shi kar a ce za a yi iyo zuwa gaɓa. Ki nemi jile, wato rigar da ke hana nitsewa, naki na kanki ki sa shi tun a kwata ki ɗaure igiyoyinsa. In babu, jarka mai lita 20 wadda ba komai ciki an murɗe murfinta gam tana riƙe babban mutum a saman ruwa, ki ajiye ta kusa da ƙafarki ba ƙarƙashin kwandunan kifi ba. In kuma kika ga lodi ya sa bakin jirgi ya kusa shan ruwa, ki sauko ki jira na gaba.