Eskabeta na wahalar tashi da safe duk da na canza hita filog, ina matsalar take?

Tambaya: Salam oga, barka da aiki. Ni ofareta ne a wajen Kumo, ina tuka eskabeta mai silinda shida mai batir biyu. Tunda sanyi ya shigo sai na dade ina kik da safe kafin ta kama, farin hayaki kamar ana kona ciyawa, in ta kama ma sai ta yi ta rawa na dan lokaci, amma da rana kik daya ne. Mun canza hita filog duka shida babu canji, yanzu yara tsumma suke jikawa da fetur su kara a bakin iska. Dan Allah me zan duba?

Amsa: Wa'alaikumus salam malam, barka kadai. Maganar fetur din nan a daina ta yau, in hita ta dau zafi ko da guda daya ce wuta na iya kamawa a hanyar iskar, kuma bugun da fetur ke yi a injin gas yana cin zobe da fistin, kudin da zaka kashe a nan ya ninka na hita sau babu adadi.

To ka canza shida babu canji, ni a ganina wuta ce bata isa wajensu, kuma wannan shi ne abin da ya kamata a fara aunawa kafin mai gida ya aika kasuwar Kofar Ruwa ta Kano sayen kaya. Aikin hita shi ne kawai ta dumama cikin silinda na 'yan dakikoki dan gas ya kama, farin hayakin da kake gani gas ne da bai kone ba. Wutar kuma daga batir take tasowa ta bi ta babban fiyus ta shiga rile, wato makunnin da ke sakar wa hita babbar wuta in an murda ki, daga rile zuwa karfen nan ko wayar da ta hade kawunan hitocin, sannan ta koma ta jikin injin. Duk inda ta katse a hanyar nan sabon filog da tsoho daya ne.

Ka samu mitar auna wuta ko ka kira rewaya da safe injin na sanyi, dan a wasu injinan sansar zafin ruwa ce ke fadawa kwamfuta ta kunna hita, in da rana ka auna ba zaka ga komai ba ka dauka lalacewa ce. A dora jan tsinken mita a kan karfen da ya hade hitocin, bakin tsinken kuma a jikin injin inda babu fenti, kai kuma ka murda ki zuwa wajen hita. Irin naka mai batir biyu galibi bolt 24 ne, ya kamata a ga abin da ya kusa haka, ko ya ragu kadan ne. In sifili ne a koma kan rile. Ka kasa kunne, in bai yi kas ba a auna kananan wayoyinsa, babu wuta a nan to laifin na makunnin ki ne ko karamin fiyus ko sansa ko taima, in akwai wuta kuma ya yi shiru kwayil dinsa ya kone. Wanda yafi yaudarar mutane shi ne rilen da zai yi kas da karfinsa amma cikinsa ya cinye, kaga wuta ta shiga ta babban kai daya bata fito ta dayan ba, ko ta fito rabi. A auna tsakanin manyan kawunan biyu lokacin da yake aiki, in ya wuce rabin bolt bambancin a canza shi. Fitilar hita ta cikin kabin ma kar ka yarda da ita, tana iya kamawa alhali babu abin da ya je injin.

Sai kura da tsatsa, mu nan da hunturu ka san yadda abin yake. Hita na jan wuta da yawa, goro daya da bai dauru ba ko wayar at, wato wadda ke mayar da wuta batir ta jikin injin, da ta yi kore ya isa ya cinye wutar a hanya, ka taba wajen bayan an kunna zaka ji shi da zafi.

In wuta na zuwa daidai sai a dawo kan sababbin da kuka saka, sabo ba ya nufin lafiyayye. Dole a cire karfen da ya hade su tukunna, dan a hade suke, masu rai sukan rufawa matattu asiri. A auna kowanne daga kansa zuwa jikin injin, a sa mita a kan om, wato ma'aunin yadda abu ke tare wuta, filog na bolt 12 yakan ba da wajen om 1, na 24 ya fi haka, abin lura dai shidan su zo kusa da juna, wanda mita ta nuna babu hanya ya mutu. Babu mita, fitilar gwaji ta isa, makala ta a fositif din batir ka taba kan filog, ta kama yana da hanya, bata kama ba ya yanke. Kuma dan Allah ka karanta lambar da ke jikinsu, ana yawan sayar wa mutane na 12 dan zarensu daya, ka saka a 24 kunnawar farko sun kone gaba daya. Haka ma suke konewa in rile ya makale bai kashe ba, ko wani rewaya ya taba yin hadin kai tsaye da suwic ana mantawa da shi. In zaka cire filog ka bari injin ya dan yi dumi ka zuba man sassauta tsatsa a zaren, wanda bakinsa ya kumbura kar ka yi masa dole, ya karye a ciki sai an sauke top silinda.

Ga masu karantawa da ke da wani injin daban, ba kowace eskabeta ke da filog ba, Komatsu PC200 da yawa hita guda ce a hanyar shigar iska, amma bin wutar duk haka ne.

Wani abu kuma, sanyinmu na Gombe ko a Disamba da Janairu bai kai ya hana lafiyayyen babban injin tashi ba, ya dai dan ja lokaci. Saboda haka in hita ta fita lafiya a auna batir daya bayan daya, cikakke na nuna bolt 12.6, guda daya mai rauni ya isa ya sa kik ya yi nauyi. Sannan gobe kafin ka yi kik ka buga famfon hannu na gas har ya yi tauri, in ta tashi da sauri to gas ne ke komawa tanki cikin dare, a nemi inda iska ke shiga. In duk ba wannan ba sai a cire nozul masu feso gas a kai gwaji a auna kwamfireshan, wato karfin matsin cikin silinda, musamman in tana shan bakin mai ko hayaki na fita ta bututun numfashin injin.