Daga Jos Zuwa Abuja a Kan Keke Cikin Bazara

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Gangare ne a Jos, kuma na shafe kusan shekara biyu ina tuƙa keke kowace safiya zuwa Bukuru in dawo ba tare da wata gajiya ba. Yanzu ni da abokina mun ƙudurta tafiya Abuja a kan keke a watan Afrilu, domin lokacin ne muke samun hutu. Shin wannan horon ya wadatar, kuma me ya kamata mu tanada?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Horonka ya gina maka ƙafa, amma bai shirya jikinka don zafi ba, kuma a nan ne sanyin Jos yake yaudarar mutanenta. Garinku yana kan tudu mai tsayin fiye da mita 1,200, shi ya sa ko a tsakiyar bazara iskar asuba take ratsa riga. Da zarar kun gangara Hawan Kibo kun nufi Akwanga da Keffi, za ku tarar da wata irin rana wadda ba ku saba aiki a cikinta ba, ga kwalta tana dawo muku da turiri daga ƙasa.

Jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da wahala cikin zafi, wato ya koyi fara zufa da wuri kuma ya rage gishirin da yake zubarwa. Saboda haka, makonni biyu kafin tafiya, ku mayar da wani ɓangare na horonku zuwa hantsi, ku fara da rabin sa'a kuna ƙarawa sannu a hankali. Idan da hali, ku gwada hanyar Bauchi sau ɗaya ko biyu, domin ita ma gangarawa take yi zuwa ƙasa mai zafi.

Tafiyar ta kusa kilomita 300, kuma shawarata ita ce ku raba ta kwana huɗu. Ku kama hanya da zarar gari ya waye bayan sallar asuba, ku sauka kafin ƙarfe 11 na safe, ku nemi inuwa ku kishingiɗa har la'asar, sannan ku ƙara 'yar tafiya ku tsaya kafin magariba. Tuƙin dare ba na wannan hanya ba ne, saboda tireloli da kuma sha'anin tsaro.

Batun ruwa shi ne ya fi cancantar kulawa. Mai tuƙi cikin zafi yana iya zubar da lita guda ta zufa ko fiye a sa'a ɗaya, kuma ruwa zalla ba ya mayar da gishirin da ya fita. Ku riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishi ya matsa, ku kuma ware gora guda don ruwan gishiri da sukari irin wanda iyaye mata suka sani: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan ka ga farin gishiri ya zana layi a kafaɗar rigarka, ko fitsarinka ya yi duhu kamar ruwan shayi, to ka riga ka makara. Dabino, ayaba da kankana sun fi tuwo mai nauyi da rana. Shi tuwon a bar shi sai dare.

Ku sa ido a kan juna. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya alamun tsayawa ne nan take. Amma idan ɗayanku ya fara magana ba kan gado ko yana tangaɗi, a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa jikinsa sharaf ana yi masa fifita, a nemi motar da za ta kai shi asibiti ba tare da jiran ya farfaɗo ba.

Game da keken, ku tafi da famfo, tiyub biyu, kayan faci da man kaca, ku sa hular kwano da riga mai haske. A gangaren Hawan Kibo kada a danne birki a riƙe, domin ƙarfen taya yana ɗaukar zafi har tiyub ya fashe. A matsa a saki, a kuma tsaya lokaci-lokaci ya huce. Da ni ne kuwa, idan hutun zai ɗagu, da na jira Disamba.