Farin zane a ganyen tumatir

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman tumatir da latas a wajen Alaba Rago. Ganyen ya cika da farin zane mai lanƙwasa kamar sawun maciji a rairayi. Sau biyu ina feshin Cypermethrin, abin sai gaba yake yi. Mai lambu, Ojo, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tsinko ganye ɗaya ka ɗaga shi a hasken rana. A ƙarshen zanen, inda ya fi faɗi, za ka ga 'yar tsutsa ruwan ɗorawa, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Baƙin zaren da ke bin tsakiyar zanen kashinta ne. Wani ɗan ƙuda ne, baƙi mai ɗigon rawaya, ke huda ganye ya saka ƙwai. Tsutsar tana cin naman ganyen daga ciki kusan mako guda, sannan ta faɗo ƙasa ta rikiɗe. A zafin Legas, mako uku ya isa a yi sabon zubi.

Dalilin asarar kuɗinka ke nan: fatar ganye ta zame mata laima, maganin bai taɓa ta ba. Ƙananan zanzaron da ke cinye ta ne maganin ya kashe, wato ka kori mai gadi ka bar ɓarawo.

Ka tsinke ganyen da ya fi lalacewa, ka ƙulle a leda ka ajiye a rana. Zubarwa a gindin shuka kiwonta ne. Daka ƙwallon darbejiya busasshe, rabin kilo a lita 10 na ruwa, ya kwana, ka tace da ƙyalle, ka sa ɗan sabulu. Feshi da yamma, har ƙarƙashin ganye, duk mako. Idan ya faskara, nemi maganin da ke ratsa ganye, irin Abamectin, ka bi ma'aunin jikin kwalba da kwanakin jira kafin ɗiba, musamman latas da ake ci ɗanye.

Amma duba da kyau. Idan tabon mai faɗi ne kamar ƙuna, kuma akwai huji a ɗan tumatir, wannan wata tsutsa ce dabam da ake kira sharon, wadda ta share gonakin Kano da Kaduna a 2016 har tumatir ya yi tsada a kasuwar Mile 12 ta Legas. Ita malam-buɗe-littafin dare ke haifarta, kuma tana saurin sabawa da magani, don haka kada ka daɗe kan magani iri ɗaya.