Tambaya da Amsa: Farantin sola nawa zai ishi tirelar kwana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, na sayi 'yar tirelar kwana irin wadda ake ja da mota, mai gado da kicin da banɗaki. Ina so ni da iyali mu riƙa yada zango a dajin Arizona, inda babu wutar lantarki. Farantin sola nawa zan saya? Kuma zai ɗauki na'urar sanyaya ɗaki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka fara da sayen faranti. Ɗauki biro da takarda ka lissafa wutar da kuke ci a kwana ɗaya, domin duk sauran lissafin a kan wannan yake zaune. Kowace na'ura, duba wat nawa take ja, ka ninka da awannin da take aiki, abin da ka samu shi ake kira wat-awa.

Ga misali da ƙaramar tirela. Firji mai aiki da bolt 12 yakan sha kusan wat-awa 500 a wuni. Fankar rufi mai wat 30, idan ta yi awa 8, ta sha 240. Fitilun LED da famfon ruwa da cajin wayoyi da kwamfuta, a ce 250. Ka ga an tashi a wajen 1,000 ke nan.

Shi kuwa faranti, lambar da aka rubuta a bayansa ta ɗakin gwaji ce. Mai wat 100 da aka shimfiɗa a kwance bisa rufi, abin da zai tara maka a wuni mai rana sosai bai cika wuce wat-awa 350 zuwa 450 ba. Zafi ma rage masa ƙarfi yake yi, duk da mutanenmu sukan ɗauka ƙara masa yake. Lokacin hunturu kuwa, rana ta karkata, wuni ya gajarta, abin zai iya komawa rabi. Saboda haka ni wat 400 zan ba ka shawara, ko da lissafi ya nuna 300 zai isa.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne batir. Da dare faranti ba ya ba da komai, batir ne ke riƙe da gida. Na dalmar nan, mai ruwa ko rufaffen da ake kira AGM, ba a son a sha fiye da rabinsa, in ba haka ba zai mutu da wuri. Wato mai amfiya-awa 100 (ma'aunin girman batir ke nan), wat-awa 600 kawai kake da shi. Na lithiyam, wanda ake rubuta wa LiFePO4, mai girma ɗaya yana ɗauke da kusan 1,280, kuma kana iya shan mafi yawansa, ga shi ba nauyi. Guda biyu za su riƙe ku kwana biyu ko da hadari ya rufe. Sai dai ba a cajinsa idan sanyi ya kai ma'aunin daskarewar ruwa, kuma daren hamada da sanyi ba wasa ba ne. Nemi mai na'urar ɗumama kansa, ko ka ajiye shi cikin tirelar.

Tsakanin faranti da batir sa kwantirola, wato na'urar daidaita caji, nau'in MPPT, ta fi nau'in PWM tatso wuta. Wurin haɗawa, batir ake fara jona mata kafin faranti. Ka sa fiyus dab da batir, kuma kada ka yi rowar waya: inbata mai wat 1,000 tana jan amfiya 90 ko fiye daga batir mai bolt 12, siririyar waya kuwa sai ta yi zafi ta kama da wuta.

Batun na'urar sanyi, gaskiya ka cire rai. Ta rufin tirela mai BTU 13,500 (ma'aunin ƙarfin sanyayawa ke nan) tana jan kusan wat 1,400. Awa biyar kacal, an sha 7,000, ninki bakwai na duk sauran kayanka. Sai ka tanadi faranti na kusan wat 2,000, wanda rufin ƙaramar tirela ba zai ɗauka ba. Idan dole ne, sai janareta, ko sansanin da ke da wurin jona wuta. Don guje wa zafin, masu zango da sanyi suke taruwa a wajen garin Quartzsite da ke hamadar Arizona, zafi na shigowa su hau tudu wajen garin Flagstaff.

Inuwar reshe ɗaya, ko ta murfin na'urar sanyin da ke rufin, tana iya karya ƙarfin duk farantan da aka jona a jere kan layin waya ɗaya, don haka ka lura da inda za ka kafa su. Ka kuma sayi faranti ɗaya mai naɗewa da doguwar waya, yadda za ka ajiye tirelar a inuwa, shi ka kai shi rana.